Gonar Cikin Littafi Ba Ta da Itace Ko Ɗaya

Shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin makarantar firamaren garinmu, ita ce shekarar da littafin boko ya fara kwana a gidanmu. Ba zan iya faɗin lambarta ba, amma duk sa'ana a wannan yanki namu na Tsanyawa ya san ta, domin a bayan kasuwa aka tsinto kwanon rufin, ya naɗe kamar tabarma. Da hedimasta ya ga ruwa zai cinye littattafan, sai ya raba su gida-gida a ajiye masa kafin a gyara. Ba a gyara ba sai bayan damina biyu, da aka gyara kuma babu wanda ya zo karɓa. Namu rabon guda ɗaya ne mai jan bango, na koyon karatun Hausa. Ƙanena Sale ne ya shigo da shi a cikin riga, don shi ne ɗan boko a gidanmu. Ni ɗan fari ne, allo na yi, daga allo sai gona. Sai yanzu da furfura ta fito mini nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, Asabar da Lahadi bayan la'asar, kuma da hannuna nake rubuta wannan, a hankali.

A ƙasarmu gona jingine take da gona, babu daji, babu saura. Amma a wancan zamani idan ka hau tudu ka duba, ba gonaki za ka fara gani ba, itatuwa za ka gani, ko'ina, kamar mutane a tsaye a filin idi. Gandunmu yana gabas da gida, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a hanya ba. Kakanmu Babarbare ne, fataucin kanwa ya kawo shi ya zauna. Wasu gawon a nan ya same su, wasu kuma shi ya bar su suka girma, yana kewaye su da garma tun suna kamar tsinke. Da rani muna farkawa da kukan kurciya da takun jakuna masu kai taki a mangala. Da hantsi mu tafi da gora mu kaɗo 'ya'yan gawo, awaki na biye da mu, kana jin yadda suke tauna, ƙurus-ƙurus, tun daga nesa. Shanun Fulani su zo su kwanta a inuwa wata biyu, su tashi su bar mana kashi. Baba yakan dafa gindin babban gawon ya ce itace ne mai kunya: damina na zuwa sai ya tuɓe ganyensa ya zuba wa gero, ya bar masa rana, sai an girbe ya mayar da rigarsa. A lokacin maganar tsofaffi na ɗauke ta, irin wadda ake ji a ce to.

A tsakiyar littafin nan akwai hotuna biyu suna kallon juna. Na hagu gona ce mai itatuwa, kunyoyinta a karkace, manomi kwance a gindin bishiya da yagaggiyar riga, 'ya'yansa duk haƙarƙari a waje. Na dama kuma gona ce da kunyoyi a miƙe ɗoɗar har ƙarshen takarda, babu itace ko ɗaya. A bakinta wani mutum ne tsaye da farin kwat har gwiwa, da tabarau, da sanƙo, ya ɗaga kwalba sama da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya miƙe yatsa. Manoma sun tsuguna a gabansa, kowa baki buɗe. Sale ya karanta mana sunansa: Masani. Ba shi da wani suna bayan wannan. Yana sake fitowa a labarin rijiya, da labarin sauro, da labarin taurari, kuma kullum a tsaye yake. Ba ya zama, ba ya cin abinci, ba shi da mata, ba shi da gari. Ya zo, ya faɗa, a yi, a samu lafiya.

Wasa muka mayar da shi. Sale ya saci farar rigar Juma'ar Baba ya zura, ya yi tabarau da kara, ya ɗauki kwalbar man gyaɗar Inna ya hau turmi. Mu kuwa manya da ƙanana mu tsuguna muna cewa, "Na'am, Masani. Gaskiya ne, Masani." Inna na daka tana dariya tana cewa a sauke mata kwalba kafin ta fashe. Ranar da aka nuna wa Baba hoton, lokacin idonsa na gani, ya daɗe yana kallon gonar dama.

"Su waɗannan, me awakinsu ke ci da rani?"

Sale ya ce, "Baba, ai ba a zana awaki ba."

"To. Shi ya sa."

Kwanaki autata ta zo da littafinta na aji uku in taya ta karatu, don yanzu tana alfahari da ni. Takarda ce mai sheƙi, launi ko'ina. Ina buɗe tsakiya sai ga Masani. Yana nan. An ƙara masa gashi fari a tsaitsaye, kwalbar tana hayaƙi, amma shi ne, da kwat ɗinsa da yatsarsa. Na bi littattafan yaran gidan nan ɗaya bayan ɗaya, ina bin layi da yatsa, ina neman wurin da ya tambayi wani wani abu, ko wurin da ya ce bai sani ba, ko inda ƙafarsa ta taɓa ƙura. Ban samu ba. Na tambayi yarinyar ko mace na iya zama masani, ta yi dariya ta ce, "Baba, da sanƙon?" Ita abin dariya ne. Ni na san abin da mutumin nan ya ci a gidanmu.

Shekaru sun wuce bayan zuwan jan littafi. Ciwon yana ya rufe idon Baba, sai haske da duhu kawai yake bambancewa. Bayan aurena da shekara ɗaya ya tara ƙannensa da liman a zaure, ya sa aka ɗauko babbar garma ya miƙa mini, ya ce daga yau gandu na hannuna. A wajenmu idan uba ya yi haka, ya koma mai shawara, ba mai umarni ba. Baba kuwa mutum ne da ba ya karɓe abin da ya bayar, ko da allura ce. Duk da haka kullum na dawo daga gona, kafin in ajiye fartanya zai ce, "Kai wannan, yaya gona?" Ba ya kiran sunana saboda ni ne ɗan fari. Sai in tsuguna in ba shi labarinta kusurwa-kusurwa, shi kuma yana gyaɗa kai kamar yana gani.

A ranin wannan shekara baƙi biyu suka zo mana. Na farkon motar kiya-kiya ce ta sauke shi ranar kasuwa, ya ari keken mai unguwa. Gajere ne, baƙi, da kaftanin da rana ta cinye launinsa, da silifa. Ya ce binciken noma yake yi, an kuma ce masa Baba ne ya fi kowa sanin ƙasar nan. Ya tsuguna har ƙasa ya gaishe shi. Na ja wa Baba sanda muka tafi gona, Sale na biye, lokacin ya zama saurayi yana sakandare. Mutumin ya durƙusa a gindin gawo ya tona ƙasa da hannu, ya shinshina, ya zuba a 'yar jaka. Ya yi taku talatin zuwa fili ya sake yin haka.

"Baba, geron nan ƙarƙashi da na can fili, wanne ke riga fitar da kai?"

"Na nan. Da kwana biyar, wata shekarar bakwai."

"Me ya sa?"

"Kai da ka fito daga makaranta kake tambayar makaho?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ina da zato. Amma kai damina sittin ka yi kana kallo, ni uku na yi."

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Sale kuwa tsaki ya ja. A hanyar gida ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, wai wannan ne masanin? Ka ga dugadugansa? Fasonsa ya fi naka." Daga ranar samarin gari suka sa masa Malam Ban-Sani-Ba. Kasuwa uku ya yi yana dawowa. Ya ci tuwonmu, har ya nemi ƙarin miya, wannan ma muka ƙara a cikin laifinsa. Ranar da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "An ce kai ne mai gandu yanzu. Aikina bai kammala ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan nan ta fi ta fili rai, nesa ba kusa ba. Duk abin da za ka canza ka canza, su dai ka bar su." Na ce masa to, irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Na biyun ya zo da bazara, zafi ya kai inda ya kai. Farar a-kori-kura ce ta tsaya a ƙofar mai unguwa, ya fito da farin kwat har gwiwa, da tabarau, da biro uku a aljihu, takalminsa na ƙyalli. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama. Sale ya mintsine ni ya ce, "Yaya, ga shi nan." Ba mu kaɗai muka gane shi ba. Littattafan nan gida-gida aka raba su, duk sa'anninmu da hoton nan suka tashi, waɗanda suka iya karatu da waɗanda ba su iya ba. Babu wanda ya ce mu tsuguna. Sai kawai na gan mu a tsugune, mu kusan talatin, magidanta da samari, na kuma ji bakina a buɗe.

Dakta muka kira shi, bai hana ba. Ya ɗebi ƙasa da cokali ya zuba a kwalba mai shuɗin ruwa, ya girgiza, ya ɗaga ta saitin rana. Ya ce ƙasarmu ta gaji, itatuwa ne ke shanye mata ƙarfi. Ya ce maigidansa na da tarakta, amma tarakta ba ta shiga gonar da ke da itace da saiwa. Duk wanda ya share gonarsa kafin ruwan farko za a yi masa huɗa kyauta a wannan shekara, itacen ma su za su kwashe, kada ya dame mu. Bai tambayi sunan kowa ba. Wannan ya ƙara masa girma a idonmu.

Washegari da safe, bayan an sha koko, na sami Baba a zaure na faɗa masa.

"Ɗan wane ne?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"Ya tambaye ka abin da ka shuka bara?"

"A'a."

"Ya taɓa ƙasar da hannunsa?"

"Da cokali ya ɗiba."

Sale ya ce, "Baba, ilimi ke nan. Ba sai ya tambaya ba, ya riga ya sani. Wancan mai keken fa, da bakinsa ya ce bai sani ba."

Inna ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Ɗorawar fa? Da me zan yi daddawa?"

Sale ya ce, "Inna, dunƙulen miya ya cika kanti, wa ke ta daddawa."

"Ubanka ke ta ita, marar kunya."

Baba bai yi dariya ba. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina ya ce, "Kai wannan. A gaban mutane na ba ka gandu, ba zan karɓe ba. Roƙonka nake yi. Ka bar su sai na mutu. Ba zan daɗe ba."

Uba ya ce wa ɗansa roƙonka nake yi. Amma maƙwabtanmu na kudu da na arewa sun riga sun fara sara, hadari ya fara leƙowa daga gabas, an kuma ce tarakta za ta fara da wanda ya riga shiryawa. Na ce a raina idan kaka ta yi, ya shafa dammunan gero da hannunsa, zai huce. Na kira masu gatari.

Kwana tara aka yi. Gonar kusa take, duk saran da aka yi ana jin sa a gida. Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida ya zauna yana fuskantar gabas, tun hantsi har la'asar. Inna ce ta gaya mini daga baya: duk itacen da ya faɗi sai ya faɗi ko wanne ne. "Wannan na bakin hanyar rijiya ne." "Wannan tsamiyarki ce." "Wannan shi ne wanda aka ɗaure ragon sunan Sale a jikinsa." Ta ce ta riƙa aiken yara su dubo, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Mu a can kurciyoyi na ta zagaye a sama sun rasa wurin sauka, zuma ta tashi daga amya ta yi baƙi a kanmu sannan ta nufi yamma. Motar itace na zuwa fanko tana komawa Kano a danne. Kukar bakin iyaka kaɗai Dakta ya ce a bari, wai ba ta tare hanya. Sai bayan shekaru na tuna cewa kuka ba ta yin itacen wuta.

Rana ta tara aka zo kan babban, wanda kakanmu ya tarar, wanda mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Tun safe ake sara sai bayan azahar ya yi wata ƙara daga cikinsa, doguwa, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, sannan ya tafi. Ƙasa ta motsa har ƙarƙashin ƙafata. Inna ta ce ta jira ta ji me Baba zai ce. Sai kawai ya laluba ya ɗauki butarsa ya shiga ciki. Mako biyu muna ƙona kututture, hayaƙi kwance a kan gari ba ya tashi. Da ya washe, na tsaya a ƙofar gidanmu na hango rufin gidajen ƙauyen da ke gaba da mu, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Iska na kaɗawa, amma ba ta da abin da za ta taɓa ya yi ƙara. Shirun nan ya fi saran ba ni tsoro.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: shekarar farko an samu. Tarakta ta zo ta ja kunyoyi a miƙe, muka zuba takin zamani, toka da ruɓaɓɓen ganye na nan a ƙasa, gero ya yi kyau har mutane na zuwa kallo. Na ɗauko dami mafi nauyi na ajiye a gaban Baba na kama hannunsa na ɗora. Ya shafa ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya janye hannunsa. Shekara ta biyu tarakta ta zo a makare. Ta uku ba ta zo ba, aka ce ta lalace, mai ita ya koma wata sana'a. Muka koma ga garma, amma gonar ba ta koma ba. Fulani suka daina sauka, don babu inuwa babu abin kaɗo wa shanu. Awaki suka rame da rani muka riƙa rabuwa da su ɗaya-ɗaya. Iskar farkon damina, wadda da itatuwa ke karya ta, ta riƙa zuwa a guje tana binne tsiro da yashi, mu yi shuka sau biyu, wata shekarar sau uku. Sai ciyawar wuta-wuta ta fito, jajayen furanninta ko'ina, gero ya tsaya iya gwiwa.

Wani direban kiya-kiya ne ya gaya mana cewa ya san Dakta, yaron shago ne a wani kantin magani a birni, kwat ɗin ma na shagon ne. Mai keken kuwa Sale ne ya sake ganinsa, bayan ya tafi babbar makaranta. Ya ce wata rana aka ce babban baƙo zai yi musu lacca, malamansu duk suka miƙe tsaye, sai ga mutumin ya shigo da kaftaninsa. Malamin malamansu ne. Sale ya zo har gona ya same ni ya faɗa mini wannan, muka tsaya a rana, don babu inda za mu zauna. Ya ce, "Yaya, a laccar ma sau biyu ya ce bai sani ba."

Ba na ɗora wa mai kwat laifin da ya fi namu. Rigar da muke jira ya sa, tun muna yara muke jiran ta. Wanda ya zana hoton ma ban san shi ba, wataƙila bai taɓa riƙe fartanya ba, wataƙila itatuwan ya bari don miƙaƙƙen layi ya fi sauƙin ja. Ya zana ya tafi ya ci abincinsa. Yanzu ina kewaye duk tsiron gawon da na gani da ƙaya, bakwai sun rayu, mafi tsayinsu bai wuce kafaɗata ba, kuma yaran yanzu cewa suke yi yana hana babur wucewa. Ƙasar ta yi fari, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu. Kowace shekara takin da take nema ƙaruwa yake, abin da take bayarwa raguwa yake, 'ya'yana maza huɗu ne kuma duk ita suke kallo.

Malaminmu na aji ya ce rubutu na son lissafi a fili, to ga shi. Gawo goma sha huɗu. Ɗorawa uku. Tsamiya biyu. Amya biyu da zumarsu. Awaki goma sha ɗaya. Daddawar Inna. Damina huɗu Baba ya ƙara a duniya, kullum na dawo ina tsugunawa in gaishe shi, yana amsawa, yana sa mini albarka. Bai sake tambayata yaya gona ba, ko sau ɗaya.